Abin da Aka Faɗa da Hannu a Bayana

Yayana ne ya ɗauki nauyin karatuna a jami'a, amma bai taɓa faɗin sunan abin da nake karantawa daidai ba. In abokan cinikinsa a Gamboru suka tambaye shi, sai ya ce, "Autarmu digirin kurame take yi." Na sha gyara masa, in ce ilimin masu buƙata ta musamman ake cewa, kuma har da makafi da guragu da yaran da karatu ke yi wa wuyar shiga. Sai ya ɗaga hannu ya ce sunan ya fi ƙarfin bakinsa, shi dai a kawo masa takardar ya gani.

Mahaifinmu ya rasu tun ina firamare, saboda haka Yaya ne uba a gidan. Wake da barkono yake sayarwa. A da mutanen ƙauye ke kawo masa kaya har bakin rumfa, amma a shekarun nan da gari ya rikice ƙauyukan suka watse, hanyoyi suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, aka bar mu da ta Damaturu. Dole ya fara fita da kansa sayo kaya. Kowa ya san abin da ke faruwa a wannan hanya, ni kuma na san abin da ke fitar da shi. Duk lokacin da rajista ta matso, sai ka ga tafiyarsa ta ƙaru. Tun daga sallamar da zai yi mana har in ji muryarsa a zaure, hankalina ba ya kwanciya.

Mutane na ɗauka karatun namu mai araha ne tunda ba a rububinsa. Ba su sani ba. Bayan rajista akwai allon rubutun makafi da tsinkensa, akwai takarda mai kauri da ba a samunta a gari sai an ba direba saƙo, akwai kwali da fenti da roba na haɗa kayan koyarwa, ga takardun malamai da ba sa ƙarewa. An hana acaɓa, keke napep ya yi tsada, kuma lokacin koyarwar gwaji makarantar kuramen da aka tura ni tana wani gefen gari. Wani zubin nakan ɓoye wa Yaya abin da ake nema, in lallaɓa da aro. In ya gano sai ya yi ta faɗa, ya ce shi bai ce ya gaji ba.

Ajinmu bai da yawa, kuma mata ne suka fi. Mafi yawa sun girme ni nesa ba kusa ba: malaman firamare da suka samu hutun ƙaro karatu, sai iyaye mata da ke da yaro kurma ko makaho a gida suka zo neman yadda za su yi da shi. Akwai 'yan kudancin Borno da ke aiki a makarantun coci. Mazan 'yan kaɗan ne, rabinsu kuma lauya ko likita suka nema aka watso su nan, suna tafe suna ɓoye sunan sashenmu kamar abin kunya. Waɗannan na fi jin haushi, kuma ban taɓa raga musu ba.

A cikinmu akwai kurma guda ɗaya, mace. Kirista ce daga kudancin jiha, malama a makarantar kurame, tana zaune a Bulumkutu da mijinta da yara. Sanƙarau ne ya tafi da jinta tana ƙarama. Anti muke ce mata, duk da ba ta ji. Da yake hannuna ya fi na saura sauri a maganar kurame, sai aka haɗa ni da ita: ina zama a gefenta, malami na magana, ni ina juya mata da hannu. Mace ce mai zafi. In na yi alama ba daidai ba, sai ta kama yatsuna ta murɗa su zuwa inda ya kamata, ba ta damu ko da zafi ba.

Kurame ba sa kiran mutum da sunan yanka. Sai sun dube ka su samo abin da ke jikinka, ya zama sunanka a hannu. Ni ina da wushirya, saboda haka Anti ta raɗa mini nawa: a taɓa haƙoran gaba da ɗan yatsa. Duk ajin suka ɗauka.

Wata rana muna dawowa daga Kasuwar Litinin sayen kwali, na biya da ita rumfar Yaya. Ya miƙe ya ce, "Wushe, wushe, sannu da zuwa," yana ta ɗaga murya kamar ƙarar ce za ta buɗe kunnen. Na ce masa ko bindiga ya harba ba za ta ji ba. Ya ji kunya, ya auna mata wake ya ƙi karɓar ko sisi, sannan ya ce a koya masa wani abu. Anti ta koya masa biyu: sunana, da alamar rubutu, wato ka yi kamar kana jan alƙalami a tafin hannu. Daga ranar ya samu abin tsokana. Duk sanda zai yi tafiya, in na raka shi zaure na fara cewa ya haƙura da wannan fitar, ba ya amsa mini. Sai ya taɓa haƙoransa, ya ja yatsa a tafin hannu, ya ɗauki jakarsa. Ma'ana ke dai ki je ki yi rubutunki.

A shekararmu ta biyu ne ni da Anti muka yi wa juna alkawari. Muna cikin lacca da hantsi sai wani abu ya tashi daga cikin gari, tagogi suka girgiza, kowa ya duƙa. Anti ta ji a ƙafarta, ta kuma ga fuskokinmu. Ta tambaye ni mene ne. Kafin in ɗaga hannu, wata daga baya ta riga ni, ta yi mata alamar ba komai, tayar mota ce. Malamin ma ya ce, "Haka ne, kada a tayar mata da hankali." Ni kuwa a watan nan aka koya mana cewa mai juya magana ba ya ƙari ba ya ragi. Na dube ta na ce bom ne, kuma ta wajen kasuwa nake jin ya tashi.

Bayan an tashi ta ja ni gindin wata darbejiya ta ba ni labarinta. Tana makarantar kwana mahaifinta ya rasu. Ta dawo hutu aka ce ya yi tafiya. Ta koma, ta sake dawowa, aka ce bai dawo ba. Ana zancen mutuwarsa a gabanta, ana gaisuwar rashi a gabanta, ita tana share masa ɗaki tana jiran sa. Sai da wata yarinya ƙarama ta kai ta ta nuna mata kabarin.

"Duk gidan sun sani, har maƙwabta," in ji ta da hannu. "Sun ce tausayina suka ji."

Ta ce in yi mata alkawari ba zan taɓa ɓoye mata abin da kunnena ya ji ba, mai daɗi ko marar daɗi. Na yi. Sai ta ce ita ma ta yi mini irinsa. Dariya ta kuɓuce mini, na ce Anti, wane labari ne za ki riga ni ji? Ta harare ni, ta ce in dai karɓa.

Zuwa shekarar ƙarshe duk ajin sun iya hannu, kuma mun mayar da shi abin more rayuwa. Da shi muke gulma a cikin bas, da shi muke zagin malaman wasu sassa suna tsaye a gabanmu, masu halin kuma da shi suke tura amsa a ɗakin jarrabawa. Ya zamar mana jiki: duk abin da ba a so wani ya ji, sai a sauke murya a ɗaga yatsu. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunanin cewa akwai mutum ɗaya a ajin da wannan ɓoyon ba ya ɓoye mata komai.

Saura takarda ɗaya mu gama digiri Yaya ya yi tafiya. Akwai kuɗin buga kundin bincike da ɗaure shi, ni ban gaya masa ba, amma ya ji a bakin matarsa. Ana gobe jarrabawa ya kamata ya dawo, bai dawo ba, wayarsa kuma ba ta shiga. Wannan ba sabon abu ba ne. Akan rufe ƙofar gari tun da sauran rana, wanda bai shigo ba sai ya kwana a hanya, sabis ɗin waya kuma yau akwai gobe babu. Da haka muka lallashi kanmu. Da sassafe na fita saboda shingayen bincike, Inna ta ce Allah ya ba da sa'a, in na dawo zan same shi.

Mun zauna a ɗakin jarrabawa, jakunkuna da wayoyi an tara su a gaba. Mai sa ido wani malami ne daga wani sashe, ya ce duk wanda ya buɗe baki zai kore shi. Ana cikin raba takardu a kife sai wani ɗan ajinmu ya shigo a makare, dattijo, malamin firamare, gidansa a layinmu yake. Na gaishe shi da kai bai dube ni ba, ya wuce can baya kusa da shugabar ajinmu. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka tsoron jarrabawa ne.

Anti ba ta zama ta fuskanci gaba sosai kamar mu. Kullum a karkace take, don idonta ya riƙa kama ƙofa da fuskokin mutane. Na ga ta kafe ido a bayana, ta daɗe ba ta ƙifta ba. Sannan ta ƙwanƙwasa teburina. Na juyo ina shirin ce mata ta bari kada a kore mu. Ta dube ni tsakiyar ido, ta ɗaga hannu.

"Yayanki ya mutu. An harbe su a hanya jiya. An kawo shi gida da safen nan. Za a binne shi kafin azahar. Kawunki ya ce kada a gaya miki sai kin gama rubutu."

Mu a nan ba haka ake faɗin mutuwa ba. Cewa ake an ce ki zo gida, ko jikin wane ya yi tsanani, a yi ta jan ka a hankali har ka gane da kanka. Ita ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ajiye mini shi gaba ɗaya, sannan ta sake yi daga farko a hankali, don kada in ce ban gani da kyau ba.

Ban yi kuka ba. Kunnuwana ne suka toshe, ina ganin bakin mai sa ido yana motsi ba na jin komai. Na juya baya. Duk wanda na kalla sai ya sunkuyar da kai, hannuwa duk sun koma ƙarƙashin tebur. Ashe labarin ya zaga layukan baya kaf, daga hannu zuwa hannu, ina zaune ina gwada birona a gefen kati. Mutanen da muka yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya sun shirya su bar ni in yi ta rubutu a kan yadda ake koyar da yaro kurma lissafi, a daidai lokacin da ake haƙa wa Yaya kabari. In fito in tarar an share ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi. Na san da kyakkyawar niyya suka yi, amma a lokacin ji na yi kamar in kifar da teburin a kansu.

Shugabar aji ta taso, ta manta da dokar shiru. Uwa ce, tana da ɗa makaho, tana kuma sona. Ta riƙe mini kafaɗa ta ce, "Ƙanwata, ki yi haƙuri ki rubuta ko kaɗan ne. Tafiyarki ba za ta dawo da shi ba. Shekara guda fa za ki rasa."

Gaskiya ta faɗa. Wannan darasi sau ɗaya ake yin jarrabawarsa a shekara, wanda bai rubuta ba sai baɗi, da sabuwar rajista. Mai sa ido ma ya ce in na fita kafin a fara, zai rubuta ban zo ba. Na ce ya rubuta. Na ɗauki jakata na fita.

Sai da na kai bakin titi na lura akwai mai riƙe da hannuna. Anti ce. Ta bar takardarta a kife ita ma. Na ce ta koma, ta yi kamar ba ta ga hannuna ba, ta tare keke ta tura ni ciki.

A kowane shinge sai an sauka an taka da ƙafa, hannu a sama. Kullum in muna tare ni ke riƙe ta a irin wuraren, don in an daka tsawa a tsaya ba za ta ji ba, kuma mun san abin da kan biyo bayan haka. Ranar ita ce ta riƙe ni. Wani ɗan gora, cikin 'yan sa-kan da ke tsaron shingen, ya yi mini tambaya na tsaya ina kallon sa, ban gane yaren da yake yi ba. Anti ta buɗe jakata ta nuna masa littattafai da katin makaranta, ta nuna ni, ta yi alamar hawaye a kumatu. Ya dube mu, ya ce mu wuce.

Tun daga bakin layi na hango maza a ƙofar gidanmu, da makara jingine a bango. A shekarun nan ba a jinkirta jana'iza, ba a kuma son taro ya daɗe a waje ɗaya. Kawu, ƙanen Inna, ya hango ni ya taso da sauri, ransa a ɓace.

"Me ya dawo da ke? Wane marar tunani ne ya gaya miki?"

Na nuna Anti. Ya dube ta, ya dube ni.

"Wannan ba ita ce kurmar ba?"

Na ce ita ce, na wuce shi.

An yi masa wanka an sa shi a likkafani, saura a ɗaure wajen kai. Inna na zaune a gefe, ba ta kuka, tana ta jan carbi. Da ta gan ni ba ta tambaye ni jarrabawa ba. Ta ce da masu haɗa shi, "Ku buɗe mata." Suka buɗe. Fuskarsa ba abin da ya same ta sai ɗan ƙwarzane a goshi. Na ga furfura a gemunsa wadda ban taɓa lura da ita ba, ni da nake ganinsa kullum. Na dafa goshin, da sanyi. Na yi masa addu'ar da bakina ya iya, na ce na gode, Yaya. Ban gama rufe baki ba aka yi sallama daga waje cewa liman na jira. Da na tsaya ko tambaya ɗaya na amsa a takardar nan, da ban same shi ba.

Da la'asar, gida ya cika da mata, matarsa ta kira ni ɗakinta. Idonta ya kumbura. Ta ce kada in riƙe Kawu a zuciya, ba ra'ayinsa ba ne.

"Yayanki ne ya bar sallahu. Ba wannan tafiyar kaɗai ba, duk fitar da zai yi in kina jarrabawa sai ya faɗa mini ya faɗa wa Kawu. Ya ce in wani abu ya same shi a hanya kada a kuskura a taso ki. Ya ce gawarsa ba ta buƙatarki, takardar nan ce ke buƙatarki."

Wannan ya fi na safe gigita ni. Wato duk sanda yake taɓa haƙoransa a zaure yana dariya, ya riga ya yi zancen mutuwarsa da su a cikin gida. Kowa ya sani sai ni. Na zauna a bakin gadon na yi kukan da ya ƙi zuwa tun safe, rabi na rashi, rabi na haushinsa.

'Yan ajinmu suka gama suka watse. Karatun da ake yi wa dariya sai ga shi ana neman masu shi ido rufe, domin gari ya cika da yaran da ƙarar bom ta kurmantar da waɗanda suka rasa ƙafa ko ido. Matan nan da ake cewa sun tsufa da boko duk suka samu wurin aiki a sansanonin gudun hijira da makarantu. Mu biyu muka rage. Kawu da ya yi mini faɗa shi ya ɗauki rajistar shekarar. Anti kuwa hutun karatunta ya ƙare, dole ta koma aji tana koyarwa, ƙarin girman da take jira ya wuce ta, dangin mijinta suka yi ta magana a kan ta zubar da shekara saboda mutuwar da ba tata ba.

Na daɗe ban gaya mata sallahun Yaya ba, sai na tuna da alkawari. Na same ta a Bulumkutu tana tsince shinkafa, na faɗa mata duka, na kuma tambaye ta ko da ta sani za ta yi shiru. Ta ajiye faranti don ta samu hannu.

"Shi ya faɗi nasa. Ni da ke muka yi alkawari. Kin ga fuskarsa ko ba ki gani ba?"

Na ce na gani. Ta ɗauki farantinta ta ci gaba.

Da shekara ta zagayo muka koma ɗakin nan, mu biyu cikin ɗaliban da ke bayanmu da ba mu san su ba. Aka raba takardu a kife, aka ce a buɗe. Na buɗe, na karanta tambayar farko na san amsarta, amma hannuna ya ƙi motsi. Ji nake in na waiga zan ga ana magana a bayana. Kowa ya duƙufa, ni ina zaune da biro a hannu, har mai sa ido ya fara kallona.

Sai aka ƙwanƙwasa teburina. Anti ce, a karkace kamar kullum. Ta taɓa haƙoranta na gaba da ɗan yatsa, ta ja yatsan a tafin hannunta, a karkace kuma da gaggawa, daidai yadda Yaya yake yi ba yadda ta koya masa ba. Sannan ta juya ga takardarta.

Na share ido da gefen hijabi don in ga layin, na fara rubutu.